Yadda Ake Zaɓen Agogon Hannu Mai Sauƙin Kuɗi a Kumasi, Mataki-Mataki

Kusan kowane mako sai wani ya turo mini hoton agogo yana tambaya, "Malam, wannan yana da kyau? Nawa zan biya?" Wani kuma bayan sallar Juma'a zai tare ni ya miƙo hannu, ya riga ya saya, so yake kawai in ce masa bai yi asara ba. Amsar da ake bayarwa a tsaye ba ta ƙosarwa, shi ya sa na zauna na jera matakan da ni da abokaina masu son agogo a Aboabo da Asawase muke bi. Mu ba masu Rolex ba ne. Amma mun ɗaura agoguna da yawa, wasu sun ci mana kuɗi a banza, kuma mun gano cewa hoto ba zai gaya maka yadda agogo zai zauna a hannunka da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar kasuwar Kejetia gumi na tsiyaya ba. Ido ne ke fara so, hannu ne zai yi dakon kayan, don haka daga hannu za mu fara.

Abin da za ka tanada: tef ɗin tela ko zare da rula, waya mai caji, farin hankici, da irin rigar da ka fi sawa.

1. Auna wuyan hannunka

Biya ta shagon telan unguwarku ka ari tef. Zagaya shi a wuyan hannun da za ka ɗaura agogon, daidai bayan ƙashin nan da ya turo ta gefen ƙaramin yatsa. Kada ka matse, kada ka sake. Karanta ɓangaren santimita. Idan telan ya faɗa maka da inci, ka ninka da 2.54.

Ga ƙa'idar da muke bi, ba doka ba ce amma ba ta cika ba mu kunya ba. Hannun da ya tsaya a santimita 15 zuwa 16 ya fi kyau da agogo mai faɗin milimita 34 zuwa 38. Mai 17 zuwa 18 ya nemi 38 zuwa 42. Daga 19 zuwa sama ne 42 zuwa 45 ke zama daram. Mata masu siririn hannu sukan fi jin daɗin abin da bai wuce 34 ba, ko da yake na ga 'yan mata da yawa da Casio na maza kuma ya yi musu.

Akwai awo na biyu da masu sayarwa ba sa ambata, kuma ya fi faɗin fuska muhimmanci: tsawon agogon daga ƙahonin sama zuwa na ƙasa, wato hannuwan nan huɗu da suke riƙe maɗauri. Ɗora rula a kan shimfiɗaɗɗen bayan wuyan hannunka ka ga milimita nawa ne. Idan ƙahonin suka zarce wannan faɗin, agogon zai riƙa lilo, maɗaurin ya sauko tsaye kamar labule, komai tsadarsa kuwa sai ya zama kamar na aro. Sai kauri. Mai sa kaftani ko jallabiya mai maɓalli a hannu ya nemi abin da bai haura milimita 11 ba, in ba haka ba kullum yana kokawa da bakin riga.

Hattara: ka yi awon da rana ko da yamma. Hannu yana ɗan kumbura idan zafi ya yi, awon asuba zai ruɗe ka.

2. Ka fara yanke hukunci a kan ruwa

A nan ne mutanenmu suka fi zubar da kuɗi. Wanda ya ƙera agogon yana lissafin mutumin da zai wanke hannu ya goge. Mu kuwa sau biyar a rana muna tsugune da buta, ruwa yana gangarowa har gwiwar hannu. Ka haɗa da damina biyu ta Kumasi, babba daga wajen watan Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ga laimar da ba ta barin komai ya bushe da wuri.

Juya agogon ka karanta bayansa. Idan ba a rubuta komai game da ruwa ba, ajiye shi. Idan an rubuta "WATER RESIST" kawai, ko 30M, ko 3 ATM, ma'anarsa yana jure fantsama da yayyafi. Lambar nan ta mita 30 ba zurfin da za ka nutse da shi ba ne, matsin da aka gwada shi da shi ne yana ajiye a ɗakin gwaji. Mai 50M ya fi natsuwa da alwala da ruwan sama. Mai 100M za ka iya iyo da shi. Mai 200M, musamman wanda maɓallin saitinsa ake murɗawa ya kulle kamar noti, shi ne wanda za ka manta da zancen ruwa gaba ɗaya.

Yanzu ka tambayi kanka gaskiya: kana cire agogo in za ka yi alwala, ko sassautawa kake yi ka tura shi sama da ƙasa don ruwa ya taɓa fata? Idan mai sassautawa ne kai, kada ka sauko ƙasa da 50M, kuma fata ta fita daga lissafinka. Idan mai cirewa ne, 30M zai ishe ka, sai dai ka nemi maɗauri mai saurin kwancewa. Kuma aljihu ne mazauninsa. Na taɓa ɗora nawa a kan katangar wurin alwala aka tayar da iƙama, na yi sauri na bi sahu. Da aka sallame na dawo, katangar ce kawai ta jira ni.

Hattara: kada ka danna maɓalli ko ka jawo maɓallin saiti agogo yana jiƙe. Ruwan zafi da sabulu kuma suna busar da zoben robar da ke toshe ruwa, don haka wanka da agogo ba dabara ba ce ko da mai 100M ne.

3. Zaɓi injin da za ka iya zama da shi

Iri uku ne a gabanka. Mai batir shi ne mafi araha kuma mafi riƙe lokaci, kuskurensa a wata guda bai cika wuce daƙiƙa 15 zuwa 30 ba. Otomatik ba shi da batir, motsin hannunka ne ke yi masa wani. Akwai daɗin kallo, hannun daƙiƙarsa yana tafiya sumul, amma kuskuren da mai batir zai yi a wata shi yana iya yinsa a yini ɗaya, kuma idan ka ajiye shi kamar awa 40 zai tsaya. Na uku mai cin haske, irin Eco-Drive na Citizen da Tough Solar na Casio, ya fi tsada a farko amma ka huta da zaryar canjin batir na shekaru.

Idan agogo ɗaya tak za ka mallaka, kuma lokaci kake so ba sha'awa ba, ɗauki mai batir. Mai tuƙa babur ko adaidaita, da mai aikin guduma a Suame, unguwar makanikai, su ma su bar otomatik, jijjiga da bugu ba sa yi masa daɗi.

4. Jera 'yan takara ka ware kuɗi

Farashin sidi yana motsi da dala, don haka zan faɗi ƙiyasin kuɗinsu a kasuwannin waje, kai ka juya da canjin ranar, ka ƙara wani abu na dako da haraji da ribar ɗan kasuwa.

Casio F-91W shi ne ma'aunin da muke gwada kowa da shi. Tun 1989 ake yinsa bai canza kama ba. Nauyinsa giram 21, kaurinsa milimita 8.5, batirinsa CR2016 yana kai wajen shekara 7, kuɗinsa kuma yana yawo a dala 20. A hannu kamar babu shi. Aibinsa uku: fitilarsa ba ta da ƙarfi, maɗaurinsa gajere ne ga mai ƙaton hannu, kuma a rubuce fantsama kawai yake jurewa, duk da cewa na san waɗanda suka yi shekaru suna alwala da shi lafiya. Ɗan'uwansa A158W injinsu ɗaya, sai dai an sa masa sarƙar ƙarfe, ya fi shiga da kaftani, ya fi kuma tsige gashin hannu.

Wanda ni nake nuna wa yawancin masu tambaya shi ne Casio AE-1200. Yana jure mita 100, batirinsa na shekara 10 ne, nauyinsa giram 39, yana da ƙararrawa biyar, kuma da yake lokutan sallarmu a nan kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa ba sa gocewa da nisa, saiti ɗaya yana kai ka makonni. Yana nuna lokacin wasu garuruwa, abin da zai yi wa mai kiran 'yan'uwa a Kano ko Jidda amfani. Bai fi F-91W tsada da yawa ba. Ya fi shi girma dai, siririn hannu ya gwada kafin ya biya.

Mai son agogo mai hannuwa kuma kuɗinsa kaɗan ne, ga Casio MQ-24 da Q&Q. Kada ka raina Q&Q, 'yan gidan Citizen ne, injin Japan ne a ciki. Idan aljihu ya kai dala 50 zuwa 80, akwai Casio MDV-106 da ake kira Duro: ƙarfe ne na gaske, mita 200, amma faɗinsa milimita 44 ne kuma ya haura giram 90, hannun da bai kai santimita 17 ba zai sha wahala. A wannan layin ne kuma G-Shock DW-5600 yake, na masu aikin ƙarfi, sai dai kaurinsa ya wuce milimita 13, ba ya shiga bakin riga.

Daga dala 100 zuwa sama ka shiga gonar Seiko 5 da Orient. Tsohon samfurin Seiko 5 mai faɗin milimita 37, wanda iyayenmu suke dawowa da shi daga Makka ranakunsa da Larabci, har yau ban ga otomatik mai araha da ya fi shi zama a matsakaicin hannu ba. Injinsa 7S26 ba a yi masa wani da hannu, girgiza shi ake yi ya tashi. Sabon Seiko 5 Sports da ya fito a 2019 ya fi girma, yana jure mita 100, kuɗinsa ya ninka.

Su Curren, Naviforce da Skmei na Caina fa? Suna da kyau a ido kuma suna faɗar lokaci. Ka saye su da sanin cewa kwalliya ka saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Masu son agogon lokutan salla irin Al-Fajr su tabbata an nuna musu yadda ake saita gari a gabansu, don in an bar shi a kan Makka zai kira azahar kana karin kumallo. Akwai kuma Caveman, kamfanin gida da aka kafa a Accra a 2018, ga mai son ɗaura na Ghana, sai dai ya wuce layin araha da muke magana a kai.

Hattara: kada ka kashe kuɗinka duka a kan agogon. Bar kamar kashi ɗaya cikin goma na rage sarƙa, sabon maɗauri ko batir.

5. Maɗauri, inda jin daɗi yake

Mutum zai yi awa guda yana kallon fuskar agogo, bai ko shafa abin da zai kwana ya wuni a kan fatarsa ba. Fata tana da kyau ranar Idi. A garin nan kuwa damina ɗaya ta ishe ta. Ina da wata ruwan ƙasa da na so ƙwarai, kafin watan Yuli ya fita ta yi baƙi ta ciki, ta fara wani wari da sai da uwargida ta ce ko ni ko agogon wani ya kwana a waje. Yawancin abin da ake kira fata a agogo mai araha ma roba ce aka liƙa wa ƙyalle, tana ɓarewa daga wurin huda.

Roba ba ruwanta da ruwa, amma tana tara gumi a ƙarƙashi, kuma bayan 'yan shekaru takan bushe ta tsage. Nemi mai tsagi-tsagi ta ciki don iska ta wuce. Sarƙar ƙarfe ita ce ta fi dacewa da mai alwala, ka ɗauraye ka goge shi ke nan. Duba gefen gaɓoɓinta: idan ka ga alamar farantin ƙarfe aka naɗe, mai sauƙi ce, tana ƙara kuma tana cizon gashi. Idan gaɓar dunƙulalliya ce, ta fi nauyi ta fi daɗi. Na huɗu shi ne maɗaurin nailan da ake zurawa ta ƙarƙashin agogo, wanda ake kira NATO. Yana da araha, ana wanke shi da sabulu kamar safa, kuma ko fil ɗaya ya ɓalle agogon ba zai faɗi ba. Aibinsa shi ne yana riƙe danshi na ɗan lokaci, don haka ka sayi biyu kana musanyawa.

Auna tsakanin ƙahonin: milimita 18, 20 ko 22 su ne ake samun maɗaurinsu a kowane teburin mai gyara. Agogon da maɗaurinsa ya haɗe da jikinsa da wata siffa tasa ta daban, ranar da ya tsinke neman irinsa sai ka gaji.

Hattara: rubutun "STAINLESS STEEL BACK" yana nufin murfin baya kaɗai ne ƙarfen da ba ya tsatsa, sauran jikin ƙarfen banza ne ko roba aka yi wa fenti. "ALL STAINLESS STEEL" shi ne duka jiki. Mai fatar da ke yin ƙuraje da ɗan kunne ko sarƙar araha ya kula da wannan sosai, don gumi yana cin fentin ya bar kore a hannu. Ruwan zinare mai araha shi ma daga gefuna yake fara koɗewa.

6. Inda za ka nufa

Shagunan Adum da na Kumasi City Mall a Asokwa sun fi tsada, amma a can ne za ka fi samun kwali, takarda da rasit. Kejetia da gefen titunan da ke kewaye da ita akwai komai, na gaske da jabu a tire ɗaya, idonka ne garantinka. Na hannu kuwa, ka fara tambayar masu gyaran agogo na Zango, sau da yawa suna da waɗanda aka kawo gyara aka bar musu, kuma sun san cikinsu. Idan a shafin saye da sayarwa na Jiji ko a Facebook ka gani, ku haɗu a bainar jama'a da rana, ka gwada, sannan ka biya. Wanda ya ce sai ka turo kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin ya sa a mota, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Je da safe, kafin rana ta take kuma kafin ka gaji. Mutumin da ya gaji ba ya duba kaya, so yake ya biya ya tafi.

7. Gwada shi a gaban mai kaya

Kada kunya ta kama ka. Minti goma a nan ya fi wata uku na da-na-sani. Bi wannan jeri.

Fara da rubutun fuska. Ɗauki hoto da wayarka ka buɗa shi sosai. Na asali harufansa tsaf suke, layi a miƙe. Jabu fentinsa yana malala, wani harafi ya fi wani kauri. Juya baya: Casio na gaske an zana lambar injinsa a cikin ɗan akwati, ta F-91W da A158W ita ce 593, kuma dole ta dace da ta takardar da ke cikin kwali. Sannan a waɗannan biyun, danna maɓallin dama ka riƙe kamar daƙiƙa uku, ya kamata kalmar CASIo ta fito a fuska. Idan ba ta fito ba, an gama magana. Idan ta fito kuma kada ka saki jiki, masu jabu sun koyi wannan ma, ka ci gaba da sauran gwajin. Karkata agogon gefe, lambobin na asali suna nan baƙi ƙirin, na jabu sukan dushe. Rufe shi da tafin hannu ka kunna fitila. Danna kowane maɓalli ka ji ƙararsa.

Idan mai hannuwa ne, jawo maɓallin saiti ka zagaya da hannuwan awa 24 cur. Su wuce juna ba tare da gogayya ba, kwanan wata ya canza kusa da sha biyun dare, kuma idan dogon hannu yana kan 12 gajeren ya tsaya daidai kan lambarsa. Agogon da ke da ƙananan da'irori uku a fuska, danna maɓallan gefe ka gani ko suna motsi. A masu araha da yawa manna su kawai aka yi. Wanda aka rubuta masa otomatik amma hannun daƙiƙarsa yana tsalle ɗaya-ɗaya, batir ne a ciki.

Seiko na hannu yana buƙatar ƙarin ido. Akwai lamba shida a murfin baya: ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sai O, N da D na watanni ukun ƙarshe. Idan babu lambar, ko fuskar tana ƙyalli da wani launi mai ihu alhali jikin ya tsufa, mai yiwuwa irin waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin sassa a sake musu fenti ne, da yawa daga Indiya suke fitowa. Girgiza shi a hankali sau goma, ya tashi nan take, ka kai kunne ka ji bugunsa ba ya sarƙewa.

Goga farin hankicinka a maɗauri da jikin agogon, in launi ya biyo ka san abin da zai yi wa bakin farar rigarka. Shafa farce a gilashin. Na roba yana saurin karcewa amma ana goge shi ya dawo, gilashin gaske ya fi jure karce amma in ya fashe sai canji.

Sai babban gwaji: ɗaura shi. Lanƙwasa hannu baya kamar za ka dafa ƙasa a sujada, ka ji ko maɓallin saiti yana sokin bayan hannunka. Girgiza hannu ka ga ko yana juyawa ƙasa. Sauke hannun riga a kansa. Yi hira da mai kayan minti biyar yana ɗaure, sannan ka cire ka duba ko ya bar maka sawu ja. Kada ka yi hukunci da kallon hannunka daga kusa, kowane agogo ƙato ne a haka. Nemi madubi ka ja baya, ko abokin tafiyarka ya ɗauke ka hoto daga nesa.

8. Ciniki da biya

A shagon da aka manna farashi ragin kaɗan ne. A kasuwa kuwa sai ka yi gaisuwa tukuna. "Alhaji, nawa aka sa wa wannan?" In ya ce ka taya, fara daga ƙasa da abin da ka yi niyya, ka bar wa kanka wurin hawa. Zai ce albarka, ka ƙara kaɗan, in bai sallama ba ka yi godiya ka taka, sau da yawa kafin ka kai shago na uku an kira ka. Wurin 'yan Asante kuwa "te so" ɗinka, wato "rage mini", ya isa buɗe zancen.

Hattara da tsohon lissafi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau wasu dattawan kasuwa da tsohon kuɗi suke magana. In aka ce maka miliyan biyu, sidi 200 ake nufi. Ka maimaita adadin da sabon kuɗi kowa ya ji kafin ka sa hannu a aljihu.

Idan kuɗin da aka faɗa maka bai kai rabin farashin waje ba, ba sa'a ka yi ba, jabu ne. Kafin ka biya ku yi magana a fili: in ya tsaya cikin mako guda za a canza? A rubuta lambar samfurin a rasit. Mai biya ta MoMo ya karanta sunan da ya fito wa mai kayan ya ji kafin ya sa lambar sirri.

9. Daidaita shi da hannunka

Kada ka tafi gida da sarƙa tana reto da niyyar za ka gyara wata rana. Kai wa mai gyara nan take, aikin minti biyar ne. A cikin gaɓoɓin akwai 'yan kibiyoyi da ke nuna ta inda ake turo fil. A cire daidai-wa-daida daga ɓangarorin biyu, in adadin mara ne a fi cirewa ta ɓangaren ƙarfe shida, don makullin ya zauna a tsakiyar cikin hannu. Daidai shi ne kan ƙaramin yatsanka ya shiga tsakanin makulli da fata da ƙyar. Irin sarƙar A158W ba a cire mata komai, ɗaga ɗan farantin makullin ake yi a zame shi a mayar. Karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana, jiki yana canzawa, azumi ma kaɗai ya isa ya sa ka nemi ragi.

10. Makon farko, da ranar canjin batir

Saita shi da wayarka har daƙiƙa, ka rubuta ranar. Ghana tana kan lokacin GMT duk shekara, don haka a agogo mai garuruwa ka zaɓi LON, wato Landan, ka tabbata DST, ƙarin awa ɗaya da suke yi da bazara, a kashe yake. Najeriya tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da uku. Bayan kwana bakwai ka sake gwadawa. Mai batir da ya goce da minti guda a mako yana da matsala, mayar da shi tun alƙawari bai tsufa ba.

Don Allah a kashe ƙarar nan ta kowace awa kafin a shiga masallaci. A F-91W ka shiga shafin ƙararrawa da maɓallin hagu na ƙasa, ka riƙa danna na dama har alamomin su ɓace. Shi kuma kalandarsa kwana 28 ta sani a Fabrairu, sai ka gyara da hannu a 2028. Mai otomatik kada ya canza kwanan wata tsakanin tara na dare da huɗun asuba a lokacin da agogon ke nunawa, haƙoran ciki suna kan aiki, kuma ya nisanta shi da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Mai cin haske kada ya kwana watanni a durowa, kada kuma a bar shi a gaban gilashin mota rana ta dafa shi. Duk Juma'a ka wanke sarƙa ko roba da tsohon buroshin haƙori, musamman da hunturu in ƙura ta haɗu da gumi.

Ranar da batir ya mutu kada ka bar shi a ciki, yana iya tsiyaya ya cinye injin. Ka tambayi kuɗin aiki kafin a buɗe, kuma ka tsaya a wurin. Yawancin masu hannuwa SR626SW suke ci, wanda ake kira 377. Akwai mai kama da shi, LR626, girmansu ɗaya, ya fi araha, amma ba ya daɗewa kuma ya fi saurin tsiyaya. Ka ce, "Baba, a nuna mini kwalin batirin tukuna." A Casio mai lambobi, bayan an sa sabo sai an taɓa wurin da aka rubuta AC da bayan batirin da ɗan hantsaki, in ba haka ba fuskar takan fito fari fat ko ta yi ta shirme. Kafin a rufe, leƙa ka ga zoben robar ya koma raminsa bai murɗe ba, in ya bushe a shafa masa man silikon ko a canza shi. Yawancin agogunan da na ga ruwa ya kashe, bayan canjin batir ne abin ya faru.

Idan ka wayi gari ka ga hazo a cikin gilashi, kada ka tura shi cikin buhun shinkafa kana jira. A ranar za ka kai wa mai gyara ya buɗe baya, ya cire batir, ya busar da shi, tun tsatsa ba ta kama hannuwan ba.